Na biya mai zanen manhaja ya turo min hotuna 14, shi ke nan aikin?

DanKwari_Shadda
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shago a Kantin Kwari, shadda da atamfa da leshi nake sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Yanzu rabin cinikina ta WhatsApp ne, masu saye daga Kaduna da Abuja har Maraɗi, kuma abin ya fara fin ƙarfin yarana biyu. Sai babban ɗana ya ce a yi min manhaja ta waya. Aka haɗa ni da wani matashi mai zanen manhaja, muka daidaita a kan N450,000, na ba shi kafin alƙalami N250,000. Bayan sati biyar ya turo min hotuna 14 na yadda fuskokin manhajar za su kasance, da tambari. Hotunan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma da na kai wa wanda zai gina manhajar, sai ya ce shi da wannan ba zai iya fara aiki ba, wai hoton gida aka ba shi, ba a ba shi taswirar gini ba. Shi kuma mai zane yana neman cikon kuɗinsa. Ba na son in ci haƙƙin yaron nan, ba na kuma son in yi asara. Masu sanin harkar, me ya kamata a damƙa wa mutum in ya biya kuɗin irin wannan aiki?

Sadiq_Injiniya
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, kun rubuta yarjejeniya?

DanKwari_Shadda
A'a, a baki muka yi. Sai ɗan abin da ke cikin saƙonnin waya.

Maryam_Zane
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, wannan sana'ata ce, shekara shida ke nan, bari in faɗa muku yadda nake miƙa nawa aikin, sai ku auna da abin da aka ba ku.

Aikin kashi biyu ne da ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai tsara yadda mutum zai bi cikin manhaja har ya biya buƙatarsa ba tare da ya ɓata ba, shi ake kira UX. Akwai kuma ƙawata fuskar da launi da rubutu da maɓallai, shi ne UI. Hotunanku 14 daga kashi na biyu suke, kuma su ne kusan ƙarshen hanya.

Kafin in taɓa launi, abin da mai aiki yake fara karɓa daga hannuna shi ne taƙaitaccen rahoto na abin da na gano. A naku aikin, da sai na zo shagon na zauna yini ɗaya ko biyu, na ga yadda ake ciniki, na roƙi izini na duba irin tambayoyin da masu saye ke turowa, na kira wasu daga cikinsu. Bayan nan sai taswirar tafiya: mace ta buɗe manhaja, ta nemi atamfa, ta zaɓi turmi nawa, ta biya, ta faɗi tashar da za a kai mata. Kowane mataki akwati ne da kibiya, har da inda hanya ke rabuwa, misali idan kuɗi ya fita daga asusunta bai iso ba. Sai ƙwarangwal ɗin fuskoki, baƙi da fari kawai, babu ado, don mu yi gardama a kan inda komai zai zauna tun gyara yana da arha. In kun amince da shi ne nake yin cikakken zane mai launi, irin wanda aka turo muku. Sannan in ɗinke fuskokin su zama samfurin gwaji, wanda za ku buɗe a wayarku ku danna maɓalli ya kai ku fuska ta gaba kamar manhaja ta gaske, alhali babu komai a bayansa. Na ƙarshe shi ne kundin ƙa'idojin zane da ainihin fayil ɗin aikin, waɗanda maginin manhaja zai yi aiki da su.

Ba kowane aiki ne ke buƙatar duka ba. Amma fayil na asali da taswirar tafiya, ban taɓa rufe aiki ban miƙa su ba.

Hajiya_Turare
Maryam Allah ya yi miki albarka. Da na san wannan bara da ban sha wahalar da na sha ba.

Sadiq_Injiniya
Abin da Maryam ta faɗa daidai ne. Bari in ƙara daga ɓangarenmu na masu gini, don Alhaji ya gane cewa maganar da magininsa ya yi ba rainin aikin yaron ba ne.

In ka ba ni hoto, ina ganin maɓalli kore. Wane kore? Kowane launi yana da lambarsa. Tazarar da ke tsakanin hoton shadda da farashinta nawa ce? Wane nau'in rubutu ne, girmansa nawa? Duk sai dai in yi hasashe da ido, kuma in na gama za a ce bai yi kama da zane ba. Amma in aka ba ni shiga fayil ɗin Figma, wato manhajar da masu zane ke yin aikin a cikinta, ina danna abu zan ga awonsa da lambar launinsa, in kuma sauke gumakan, wato ƙananan alamomin da ke kan fuska, a tsarin SVG wanda ba ya dushewa ko an ƙara masa girma. Tun 2023 ma Figma ta fito da Dev Mode, sashen duba awon zane, musamman don mu.

Abin da ya fi ba ni wahala kuma ba awo ba ne. Masu zane da yawa suna zana ranar daɗi kaɗai: intanet na gudu, kaya na nan, kuɗi ya shiga. To in shaddar ta ƙare fa, me fuskar za ta nuna? In mutum ya nemi abu babu shi? In sabis ya ɗauke ana tsakiyar biya? In ya sa lambar waya ba daidai ba? In sabon shiga ne kwandonsa babu komai? Kowanne fuska ce da sai an zana an rubuta kalmominta. Alhaji ku duba hotunan nan 14, ina kyautata zaton babu ko ɗaya a ciki.

DanKwari_Shadda
Na duba yanzu Injiniya. Gaskiyarka, babu. Duk hotunan kaya cike suke, kuɗi ya shiga lafiya.

Auwal_Fagge
Ku yi haƙuri zan saɓa muku kaɗan. Ana ta lissafa abin da yaron bai yi ba, babu wanda ya tambayi ko kuɗin ya kai. Abin da Maryam ta jero, da zuwa kasuwa da kiran mutane da rahoto da samfuri da gwaji, aikin wata biyu ne ko uku. Kuɗin data, kuɗin man janareta, kuɗin abin hawa duk a ciki. Idan Alhaji ya ce masa "zana min yadda manhajata za ta kasance", to ya zana. Mu masu zane a nan kullum haka ake mana, a yi cinikin riga, in an zo karɓa a ce ina wando da hula.

Maryam_Zane
Auwal, ban ce ya yi ha'inci ba. Amma wa ya san sana'ar tsakaninsa da Alhaji? Tela ne ke tambayar mai yadi, aiki za a sa ko ba aiki, aljihu nawa. Shi ya kamata tun ranar farko ya ce kuɗin nan zai ba ku kaza da kaza, ba zai ba ku kaza ba. Kuma fayil na asali ai yana hannunsa, daga cikinsa ya fitar da hotunan. Miƙa shi ba ƙarin aiki ba ne.

Auwal_Fagge
A kan fayil ɗin ma akwai magana. Ni ba na sakin fayil sai an cika min kuɗina. Sau biyu ana karɓa a ɓace min.

Sadiq_Injiniya
Wannan kam haƙƙinka ne Auwal. Amma akwai tsaka-tsaki, ka ba da damar kallo kawai har a biya, sannan ka mayar da mallakar fayil ɗin ga mai aiki.

Malam_NaZazzau
Ni ba mai zane ba ne, malamin makaranta ne, amma tun daga amsar Alhaji ta farko na ga tushen matsalar. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi in an ƙulla shi zuwa wani ajali. Sa mutum ya ƙera maka abin da babu shi tukuna kuwa malaman fiƙihu sun yi magana a kansa, sharaɗinsa a siffanta abin siffar da za ta kawar da jayayya. Alhaji, shawarata kada ku riƙe masa kuɗi cikin fushi. Ku kira shi ku zauna da maginin, a rubuta abin da ya rage, kowa ya sa hannu.

Hajiya_Turare
Bari in ba da nawa labarin tunda Auwal ya taɓo batun fayil. Ina sayar da turaren wuta da humra, an yi min shafin intanet bara. Mai zanen ya yi aiki mai kyau, na biya shi tas. Bayan wata bakwai na so ƙara sashen kayan lefe, na neme shi, ashe ya samu aiki ya bar gari, lambar ma ba ta shiga. Wadda na ɗauko ta ce in ba ta fayil. Wane fayil? Duk abin yana cikin asusunsa, ni mahaɗi kawai nake da shi, shi ma ya daina buɗewa. Sai da ta sake zana komai daga farko tana kallon shafin, na sake biya. Yanzu ni na buɗe asusun Figma da imel ɗina, duk mai yi min aiki a ciki yake yi.

Bash_Kaduna
Hajiya kin yi dabara. Ku ƙara da ajiye kwafi a kwamfutarku, don kamfanonin ma ba su da tabbas. InVision da a da kusan kowa ke yin samfuri a kansa ya rufe wannan hidimar a ƙarshen 2024. Adobe ta so sayen Figma a kan dala biliyan 20 a 2022, cinikin ya rushe a Disambar 2023, ita kuma manhajar zanensu Adobe XD an daina yi mata sababbin abubuwa. Figma na ba da damar sauke fayil ɗin zuwa na'urarka. Ka sauke, ka kuma fitar da duk fuskokin a PDF, ka adana a wuri biyu.

Ummu_Hanan
Tambaya don Allah, ni ɗaliba ce ina koyon aikin. A darasinmu an ce dole a miƙa hoton mai amfani na misali, wato a ƙirƙiri mutum da suna da shekaru da buƙatunsa. Anti Maryam ba ki ambace shi ba.

Bash_Kaduna
Gara da ba ta ambata ba. Yawancin waɗanda na gani ƙarya ce zalla. A ɗauko hoton wata a intanet, a ce sunanta kaza, shekararta 28, tana son tafiye-tafiye. Me wannan zai ƙara wa mai sayar da shadda? Cika takarda ne kawai don a ga aiki ya yi kauri.

Maryam_Zane
Ummu ƙanwata, ina yi, amma sai in na yi magana da mutane na gaske. Bash yana da gaskiya a kan na ƙage. Sai dai duba shagon Alhaji. Akwai mai sari da ke Maraɗi, ya san kayan, lambar zane kawai yake so ya turo ya ce a ɗaure masa turmi hamsin. Akwai kuma uwar amarya a Abuja da ke son ta ƙura wa leshi ido, ta ga launinsa a rana da a inuwa, ta tura wa ƙannenta su taya ta zaɓa. Mutum biyun nan ba fuska ɗaya za ta gamsar da su ba. In takarda ɗaya ta tunatar da kowa wannan bambanci, ta biya kuɗinta. In kuma daga ka aka zauna aka ƙirƙira, a yar da ita.

Issoufou_Maradi
Tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Alhaji, in da gaske kuna son mu riƙa saye ta manhajar, a tambayi mai zane ko ya yi tunaninmu. Mu da sefa muke lissafi. Lambar wayarmu lamba 8 ce, ta fara da +227, sau da yawa in na zo rajista a manhajojin Najeriya akwatin ba ya karɓar lambata sam. Waɗanda suka yi boko a cikinmu Faransanci suka karanta, da yawa kuma ba su yi ba, da muryar WhatsApp suke duk cinikinsu. In babu inda zan danna in yi magana, zan koma kiran yaronku kamar da.

DanKwari_Shadda
Malam Issoufou ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Manyan masu sarina da saƙon murya suke oda. Ban taɓa faɗa wa yaron ba, shi ma bai tambaya ba. Duk zanen da Turanci ya yi shi.

Zainab_Rubutu
To ga wani abin da ake mantawa a lissafin abin da za a miƙa: kalmomin cikin manhaja. Ni aikina ke nan. Kowane maɓalli, kowane gargaɗi, kowane saƙon "kuɗinka ya shiga", a tattara su a jadawali ɗaya, Hausa a gefe, Turanci a gefe. Kuma a gwada zanen da Hausar tun farko, domin maganarmu ta fi tsawo. Maɓallin da aka yanka daidai kalmar Turanci mai harafi uku ba zai ɗauki "Saya yanzu" ko "Saka a kwando" ba, sai rubutu ya karye.

Na biyu, nau'in rubutun. Da yawa daga masu kyan gani ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Sai ka ga an rubuta "kuɗi", harafin tsakiya ya fito da wata siffa daban ko ya zama akwati. Noto Sans na Google yana da su duka kuma kyauta ne. Duk wanda mai zane ya zaɓa, ya rubuta sunansa a kundin, ya faɗa ko na kuɗi ne, don akwai waɗanda lasisinsu na manhaja daban yake da na bugawa a takarda. Haka hotunan da ya sa, a san daga ina suke.

Auwal_Fagge
Kun gani ko? Yanzu an ƙara fassara, an ƙara saƙon murya, an ƙara sefa. Duk a N450,000 ɗin?

Sadiq_Injiniya
A'a Auwal, waɗannan sabon ciniki ne, ba wanda ya ce kyauta ne. Abin da nake ganin yana cikin tsohon ciniki shi ne fayil, gumaka, lambobin launi da sunan rubutu, da fuskokin matsala na abin da ya riga ya zana. Zane ne da ba a iya ginawa in babu su.

Dr_Fati_Jos
Ba wanda ya tsaya a kan gwaji, kuma a wurina shi ne abin da ya fi daraja a duk abin da za a ba ka. Mun sa an yi mana manhajar ba da lokacin ganin likita a wani ƙaramin asibiti da nake aiki. Mai zanen ta kawo samfuri, ta zaunar da mutum biyar ɗaya bayan ɗaya a ɗakin jira, ta ce kowa ya nemi ganin likita ranar Talata, ba ta taimaka wa kowa ba, tana kallo tana rubutu. Huɗu sun kasa gano maɓallin, saboda ta yi shi da ruwan toka mai haske a kan fari. Mu da muka yi sati uku muna kallon zanen a kwamfuta ba wanda ya lura. Ta ba mu rahoto shafi uku: ga inda suka tsaya, ga abin da suka ce, ga gyaran. Da an riga an gina, gyaran da ya ci ninkin kuɗin.

Ummu_Hanan
Mutum biyar kawai Dakta? Ba su yi kaɗan ba?

Bash_Kaduna
Daga Jakob Nielsen, wani masanin sauƙin amfani da manhaja, wannan adadin ya fito, a rubutunsa na shekarar 2000, inda ya ce mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, don haka gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Amma shi kansa ya ce in masu amfanin rukuni-rukuni ne mabambanta, kowane rukuni sai an gwada da nasa. A shagon Alhaji ke nan masu sari daban, masu ɗai-ɗai daban.

Batun ruwan tokar Dakta kuma akwai ma'auni. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don kowa ya iya amfani da shafukan intanet har da masu raunin gani, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Girman wurin dannawa Google na ba da shawarar 48, Apple 44, kowa da ma'auninsa. Kuna iya tambayar mai zane ko ya duba waɗannan. Kuma a buɗe samfurin a Tecno ko Itel a tsakar rana a cikin kasuwa, ba a iPhone ɗin mai zane a ofis ba.

Hajiya_Turare
Wannan ta tsakar rana gaskiya ce wallahi. Ni da tabarau ma nake fama.

DanKwari_Shadda
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam, jiya bayan La'asar na haɗa su biyun a shago. Yaron mai ladabi ne. Ashe yana da ƙwarangwal ɗin da Maryam ta faɗa, a littafinsa ya zana da biro, ya ce bai zaci zan so gani ba. Fayil ɗin ma ya buɗe wa maginin ya kalla nan take, ya ce in na cika kuɗi zai mayar da shi sunana. Fuskokin matsala ya yarda zai ƙara guda tara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mun rubuta, ɗana ya yi shaida.

Inda muka tsaya shi ne samfurin da ake dannawa da gwaji da Hausa da saƙon murya. Ya ce N200,000 da sati huɗu. Maginin kuma ya ce a bar gwajin, a gina kawai, in mutane sun fara amfani za a ga matsalar a gyara. Sallah na matsowa, lokacin cinikina ke nan. Wanne zan bi?

Auwal_Fagge
Kuɗin da ya faɗa bai yi yawa ba ko kaɗan. Ku ba shi.

Sadiq_Injiniya
Ni magini ne amma ban goyi bayan ɗan'uwana ba a nan. Sauya wurin maɓalli a Figma minti biyar ne, sauya hanyar biya bayan an gina sati ne. Sai dai batun saƙon murya ku tambaye shi tukuna nawa zai ci a gini, don ajiye murya da aika ta aiki ne mai zaman kansa, kada a zana abin da kuɗin gini ba zai kai ba.

Bash_Kaduna
Ni kuma ina ganin ko an bi ta maginin ba za a gama kafin Sallah ba. Ban ma tabbata manhaja kuke buƙata ba Alhaji. WhatsApp Business yana da kundin kaya da farashi, kun gwada shi?

Maryam_Zane
Bash, wannan tambayar ce ya kamata rahoton farko ya amsa, da an yi shi. Alhaji, in kuɗin ne damuwa a raba. Samfurin hanyar saye kaɗai, fuska shida ko bakwai, da Hausa, bai wuce aikin kwana huɗu ba. Ku ba masu sarinku biyar su danna a gabanku ranar da suka shigo kasuwa.

Issoufou_Maradi
Ina shigowa Kano ranar Laraba in Allah ya yarda. In samfurin ya samu ku sa ni cikin biyar ɗin, da wayata zan zo. Alhaji ku turo min layin da shagon yake ta akwatin sirri.